Tsibiran Banda a 1621: yanda kamfani ya share al'umma akan gyaɗar ƙamshi

Gyaɗar ƙamshin nan da ake gogawa a cincin da kek, wasu kuma su haɗa ta da kanumfari da citta a kayan shayi, yau ba wata tsada gare ta ba, ko wajen mai kayan ƙamshi na bakin kasuwa zaka same ta. Amma shekara 400 da suka wuce duk faɗin duniyar nan wuri ɗaya ne tak ake samun ta kirki, wasu 'yan tsibirai wajen guda 10 a gabashin ƙasar da yanzu ake kira Indonesiya, sunansu Banda. Kuma akan wannan ƙwallon ne a 1621 aka share kusan duka mutanen da ke zaune a wajen. Abinda yasa nake ganin ya kamata a san labarin nan dalla-dalla shine ba wani sarki bane ya turo rundunarsa, kamfani ne, kamfanin kasuwanci mai masu hannun jari da daraktoci da akawu masu rubuta riba da faɗuwa, kuma duk abinda sukai sai da suka fara nemo masa takarda mai sa hannu tukunna.

Tsibiran ƙanana ne sosai. Akwai Neira inda jiragen ruwa ke tsayawa, dab da shi akwai Gunung Api wanda dutse ne mai aman wuta, sai Lonthor wanda shine babbansu kuma can mafi yawan itatuwan suke, sai Ai da Run can ta yamma. Run ɗin nan tsawonsa wajen kilomita 3 ne kawai, faɗinsa ko kilomita 1 bai cika ba, ko ruwan sha mai gudu babu a cikinsa. Itacen yana son inuwa da irin ƙasar da tokar dutsen nan ta zuba a kai, yana ɗaukar shekara 7 zuwa 9 kafin ya fara 'ya'ya, in ɗan ya nuna sai ya tsage da kansa ka ga ƙwallo a ciki lulluɓe da wata jar fata mai huda-huda, ita ma jar fatar kayan ƙamshi ce mai zaman kanta har ta fi ƙwallon kuɗi. Kenan itace ɗaya haja biyu.

Mutanen wajen an ƙiyasta sun kai 15,000, kuma a lokacin da muke magana yawancinsu musulmi ne, musuluncin ta hanyar fatake ya je musu. Basu da sarki guda da yake mulkin tsibiran. Kowane gari yana da manyansa, attajirai masu jirage da gonaki da ake ce musu orang kaya, su suke zama su yanke shawara, sannan akwai mai kula da tashar jirage da baƙin 'yan kasuwa da ake kira shahbandar. Ba mala'iku bane su ma, garuruwan sun rabu gida biyu suna gaba da juna har yaƙi yana haɗa su, kuma suna da bayi. Amma abinda yafi komai muhimmanci shine tsibiran basa iya ciyar da kansu. Shinkafa daga tsibirin Jawa ake kawo musu, garin sago (wani gari da ake samu daga jikin itace mai kama da dabino) daga tsibiran Seram da Kei da Aru, yadi kuma daga Indiya, su kuma su biya da gyaɗar ƙamshi. Duk wanda ya hana su sayarwa Bajawa ko Balarabe ko ɗan Malay to abinci ya hana su, dan waɗannan jiragen su ne suke zuwa da shinkafar. A riƙe wannan maganar dan ita ce gindin duk rigimar.

Kafin hajar ta isa Turai tafiya ce mai tsawo, daga Banda zuwa Malaka, babbar tashar jirage a Malesiya ta yau, daga nan fataken Gujarat su ɗauka zuwa Indiya, sai Bahar Maliya, sai Masar, sai 'yan kasuwan Venice su saya a Iskandariya su shiga da ita Turai, kowane hannu ta biya sai ya ɗora nasa, lokacin da zata isa kicin ɗin wani mai kuɗi a Landan ko Amsterdam kuɗinta ya ninka ba adadi. Ga shi kuma ana sa ta a magani, har wasu likitocinsu na cewa tana kare mutum daga annoba. Turawan Fotugal ne suka fara isowa, sun ci Malaka da yaƙi a 1511, a farkon 1512 António de Abreu ya iso Banda ya cika jiragensa ya juya. Daga baya sun gwada gina sansani a Neira mutanen gari suka ƙi, suka haƙura suka bar ginin a tushe, suka cigaba da saye kaman kowa. Kusan shekara 90 a haka Banda na cin gashin kanta.

Turawan Holan sun iso a 1599 ƙarƙashin Jacob van Heemskerck. Lokacin ƙasarsu na cikin dogon yaƙin ƙwatar kai daga Sifaniya, Fotugal kuma tun 1580 tana ƙarƙashin sarkin Sifaniya ɗin, dan haka a wajensu ƙwace kasuwar kayan ƙamshi riba ce kuma yaƙi ne. Kamfanoni ƙanana da yawa sukai ta tura jirage suna tsadar da kaya wa juna a gabas suna karya farashi a gida, shine a watan Maris 1602 majalisar ƙasar ta haɗe su wuri ɗaya aka kafa kamfanin da aka fi sani da VOC, da jari na gilda, kuɗin Holan na lokacin, wajen miliyan 6.4, daraktoci 17 ne ke juya shi daga Holan. Takardar izinin da aka ba kamfanin ta ba shi ikon gina sansanonin soja, ɗaukar sojoji, naɗa gwamnoni da ƙulla yarjejeniya da sarakuna da sunan ƙasar Holan. Wato gwamnati ce sukutum aka damƙa wa 'yan kasuwa, amma gwamnatin da ba talakawa take wa bayani ba sai masu jari.

A wannan shekarar ta 1602 wani kwamandan jiragen Holan ya samu wasu daga cikin orang kaya suka sa hannu a takardar cewa Holan kaɗai zasu dinga sayarwa gyaɗar ƙamshi, su kuma Holan zasu kare su daga Fotugal. Anan nake so a tsaya a duba da kyau. Na farko waɗanda suka sa hannun ba su ke da Banda ba, kaman mai unguwa ɗaya ne ya sa hannu ya sayar da amfanin gonar gari gaba ɗaya, sauran garuruwan ba abinda ya ɗaure su. Sannan ko su masu sa hannun, a al'adar kasuwancin wannan yankin irin wannan takarda alamar zumunci ce da girmama baƙo, ba wanda ya taɓa tunanin cewa daga yau an kori Bajawan da kakanninsu ke ciniki dasu. Babbar matsalar kuma ita ce Holan ɗin basu da abinda mutanen ke buƙata, suna zuwa da yadin ulu mai kauri da tarkacen Turai a ƙasar da zafi ke dafa mutum, farashinsu ƙasa da na sauran fatake, shinkafar ma basa kawowa yanda zata isa. To mutum ya cika wannan alkawari ya ci me? Dole aka cigaba da sayarwa masu kawo abinci. A littafin kamfani kuwa sunan wannan fasa-ƙwauri da karya alkawari, kuma duk lokacin da aka sake sa hannu a sabuwar takarda aka sake karyawa, hujjar kamfani ƙara kauri take.

Kuma fa ba a Banda kaɗai ake amfani da takardun ba, har a Turai. Shahararren lauyan nan na Holan Hugo Grotius, wanda a 1609 aka buga hujjarsa cewa teku na kowa ne ba wanda zai hana wani ciniki, dan a lokacin Fotugal ce ke tare musu hanya, shi ɗin dai yana cikin tawagar da ta zauna da Ingila a 1613 da 1615 yana kare cewa mutanen tsibiran kayan ƙamshi sun riga sun ƙulla alkawari da Holan, alkawari kuma dole a cika shi, dan haka Ingila ta cire hannunta.

A watan Afrilu 1609 Admiral Pieter Verhoeven ya iso da jiragen yaƙi yace zai gina sansani a Neira, manyan gari suka ƙi, ya sauke sojoji ya fara ginin akan tsohon tushen nan da 'yan Fotugal suka bari. Da suka ga da gaske yake sai suka kira shi zaman sulhu, ranar 22 ga Mayu suka ja shi wani wuri cikin itatuwa sukai masa kwanton ɓauna suka kashe shi, shi da mutanensa sama da 40 ne suka mutu. Wannan yaudara ce ba sai an ɓoye ba, amma an yi ta ne akan mutumin da yake gina gidan igwa a ƙasarsu da ƙarfin tsiya bayan sun ce basu yarda ba. Holan suka rama da ƙone garuruwa, suka ƙarasa sansanin suka sa masa suna Nassau, a watan Agusta aka sake sa hannu a wata takardar, a 1611 suka ƙara wani sansanin Belgica a saman tudu. A cikin ma'aikatan jiragen Verhoeven akwai wani ƙaramin ɗan kasuwa ɗan shekara 22 daga garin Hoorn, sunansa Jan Pieterszoon Coen.

Sai kuma ga Ingila. Kamfaninsu da aka kafa a ƙarshen 1600 ya fi na Holan talauci da ƙarancin jirage, amma tun 1603 mutanensu suke zuwa Run da Ai, suna biya da ɗan dama, suna sayar da bindiga da albarushi. Ga mutanen Banda wannan wata ƙofa ce ta numfashi. A 1615 Holan suka kai hari Ai aka fatattake su, a 1616 suka dawo da ƙarfi suka ci tsibirin, mutane da yawa suka nutse a teku wajen gudu zuwa Run, sansanin da Holan suka gina a Ai ma sunan ramuwar gayya suka sa masa. A watan Disamba na wannan shekarar wani Bature ɗan Ingila Nathaniel Courthope ya iso Run da jirage 2, manyan tsibirin suka sa hannu cewa sun shiga ƙarƙashin sarki James na Ingila dan dai su samu mai tsaya musu. Courthope ya riƙe wajen kusan shekara 4 jiragen Holan na zagaye dashi, har aka harbe shi a cikin kwale-kwale a watan Oktoba 1620. Abin tausayin shine tun 1619 manyan kamfanonin biyu sun riga sun shirya a Landan, an yanka wa Ingila kashi 1 cikin 3 na kayan ƙamshin ita kuma ta biya nata kason na kuɗin sojoji. An raba hajar Banda a teburin da ba ɗan Banda ko ɗaya.

Shi kuwa Coen kafin nan ya hau sama da sauri. Tun 1614 ya rubuta wa daraktoci cewa ciniki a Asiya baya yiwuwa sai da yaƙi, yaƙin ma baya yiwuwa sai da ciniki. Ba kowa ne a kamfanin ya yarda dashi ba, Laurens Reael wanda ya riƙe kujerar Gwamna-Janar kafin shi yana ganin korar fataken Asiya daga tsibiran zalunci ne kuma wauta ce tunda kamfanin bazai iya ciyar da mutanen ba. Daraktoci suka zaɓi ra'ayin Coen. A 1619 ya karɓi kujerar, a watan Mayu ya ƙone garin Jayakarta ya gina Batavia akan tokarsa, wato Jakarta ta yau. Shirinsa akan Banda ba ɓoyayye bane, an jima ana maganarsa a wasiƙun kamfani, a cire mutanen a kawo wasu. Da zai tafi ya gayyaci 'yan Ingila su zo a tafi tare tunda yanzu abokai ne, ya san sarai basu da jiragen da zasu bayar, suka ce bazasu iya ba, shikenan ya samu hujjar cewa abinda aka ci da yaƙi na wanda yai yaƙin ne.

Ƙarshen watan Fabrairu 1621 ya iso Neira da manyan jirage 13 da sojojin Turai sama da 1,600, ga fursunonin Jawa da aka kawo dan tuƙa kwale-kwale da dako, ga sojojin haya 'yan Japan masu takobi kusan 100. Ranar 11 ga Maris suka afka wa Lonthor ta ɓangarori da yawa lokaci ɗaya, kafin kwana biyu manyan wuraren tsaron tsibirin sun faɗi. Orang kaya suka zo neman sulhu, sharuɗɗan da aka gindaya musu su miƙa makamai, su rushe ganuwarsu, su bada 'ya'yansu maza a riƙe a matsayin jingina, su yarda ƙasar ta zama ta Holan. Suka amsa. Amma jama'a da yawa sun riga sun haye duwatsu da matansu da yaransu sun ƙi saukowa, kuma wa zai ga laifinsu, sun ga abinda akai a Ai. Manyan da suka sa hannu basu da ikon da zasu tilasta wa kowa ya sauko, dama can ba haka mulkin Banda yake ba. Coen kuwa ya rubuta wannan a matsayin wani sabon karya alkawarin.

Ya naɗa wani Martinus Sonck gwamna ya tura shi garin Selamon a Lonthor, sojoji suka mamaye gidajen mutane harda masallacin garin. Daren 21 ga Afrilu wata fitila da ke rataye ta faɗo a inda Sonck da mutanensa suke kwana, cikin duhu da tsoro suka ɗauka alamar fara hari ce, suka hau harbi ta ko'ina har gari ya waye, sauran mutanen da suka rage a garin suma suka gudu duwatsu. Daga faɗuwar fitila sai aka kama manyan gari aka kai su cikin jirgi aka dinga gana musu azaba har aka samu abinda ake so a ji, wai akwai shirin kashe Coen da sojojinsa. Da wannan ikirari da aka tatsa da azaba akai shari'a aka yanke hukunci.

Ranar 8 ga Mayu 1621 aka shigo da orang kaya 44 cikin wani shinge na gora a wajen sansanin Nassau, a ɗaure, aka karanta musu hukunci ana ruwan sama. 'Yan Japan 6 ne sukai aikin. Manya 8 da aka ce su ne kan gaba aka fara dasu, aka sare kawunansu aka raba gawarwakin gida huɗu, sannan sauran 36, aka soke kawunan a kan gora aka kafa. Wani hafsan kamfanin da abin ya faru a gabansa ya bar bayani a rubuce, yace duk sun mutu shiru ba wanda yai magana sai mutum ɗaya da ya tambaya da harshen Holan ko babu tausayi ne a zuciyarsu, kuma yace su kansu sojojin sun watse cikin ƙyamar abinda suka gani. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A yini ɗaya aka gama da duk wani mai faɗa a ji a tsibiran.

Abinda ya biyo baya ya fi wannan yawan rayuka, sai dai bashi da rana ɗaya da za'a nuna. Watanni aka ɗauka ana ƙone garuruwa ana farfasa jiragen mutane dan kar su tsere, an datse hanyar abinci, waɗanda ke kan duwatsu ga damina ga yunwa ga cuta sukai ta mutuwa, da sojoji suka hau sai kaburbura suka tarar da gawarwaki, wasu kuma da aka ritsa su suka gwammace su faɗa daga saman dutse da a kama su. Coen da kansa ya rubuta wa daraktoci cewa wajen mutum 2,500 sun mutu ta yunwa da wahala da takobi. Wajen 800 aka loda a jirgi zuwa Batavia a matsayin bayi, da yawansu mata ne da yara. Wasu sun samu sun tsallaka teku zuwa Seram da Kei da Makassar. Cikin mutum 15,000 ɗin nan waɗanda suka rage a tsibiran an ƙiyasta basu wuce 1,000 ba. Da labari ya isa Holan daraktoci sun rubuto cewa da sun so ace an sassauta, sannan suka ba shi tukuicin kuɗi, bayan 'yan shekaru kuma suka sake mayar dashi kan kujerar Gwamna-Janar, a kanta ya mutu a Batavia a 1629.

Ni a nawa ganin kuskure ne a ɗauki abin nan a matsayin haukan mutum ɗaya ko ramuwar kashe Verhoeven, duk da Coen bai manta 1609 ba. A duba yanda kamfanin nan ɗaya yai da kanumfari a arewacin yankin. Can akwai sarki, Sultan na Ternate, dan haka a 1652 suka ƙulla dashi cewa za'a sare itatuwan kanumfari a ƙasarsa a bar nomansa a yankin Ambon kaɗai inda suke da iko, shi kuma da manyan fadarsa a dinga biyansu kuɗi duk shekara. Talakawan can sun sha wuya ba kaɗan ba, an yi yaƙe-yaƙe an zubar da jini, amma kamfani ya samu mutum ɗaya da zai riƙe ta hannunsa. A Banda babu wannan mutum ɗayan, in ka saye wannan gari wancan bai san zancen ba, in ka tsorata wannan attajiri gobe wani zai loda wa Bajawa kaya da daddare. Tsarin da ya kare su daga Fotugal kusan shekara 90 shi ne kamfanin ya kasa lanƙwasawa, da lissafi ya nuna itatuwan ake so ba mutanen ba sai aka zaɓi a cire mutanen. Wannan shawara ce da akai ta da alƙalami a ofis kafin a zare takobi, kuma ita tafi tayar min da hankali.

Bayan an share wajen sai aka yanka ƙasar gandaye 68, aka raba wa tsofaffin sojoji da ma'aikatan kamfani, su ake kira perkenier. Ƙasar ba tasu bace, ta kamfani ce, kamfani ke kawo musu shinkafa da bayi, su kuma dole duk abinda suka girbe su sayar wa kamfani a farashin da ya yanka, wanda ɗan mitsitsi ne akan abinda ake sayarwa a Amsterdam. Bayin daga ko'ina ake kwaso su, Jawa, Bali, Sulawesi, gaɓar Indiya da sauran wurare, kuma mutuwa da gudu sun sa kullum sai an kawo sababbi. Sai kuma ta bayyana cewa sababbin masu gandun basu san kan itacen ba, basu san lokacin tsinka ba balle yanda ake ɓare jar fatar a shanya ta ko a busar da ƙwallon a kan hayaƙi, dole aka dawo da ɗaruruwan 'yan Banda daga Batavia su koya musu, suna bayi a gonakin iyayensu. Kafin a fitar da ƙwallon ana tsoma shi a ruwan farar ƙasa, wanda ake ganin yana hana shi tsirowa in wani ya shuka, ana tura jirage su sare duk itacen da ya fito a tsibiran da ba na kamfani ba, dan akwai wasu manyan kurciyoyin daji da ke haɗiye ƙwallon su kai shi wani tsibirin, in kaya sukai yawa a sito a Amsterdam kuma akwai lokutan da aka cinna musu wuta dan kar farashi ya sauka.

Run kuwa Holan sun mamaye shi sun sare itatuwansa, Ingila tai ta neman a dawo mata dashi shekara da shekaru. A 1664 Ingila ta ƙwace garin New Amsterdam na Holan da ke tsibirin Manhattan a Amurka, da aka zo sulhun Breda a 1667 aka tsaya akan kowa ya riƙe abinda ke hannunsa, Holan ta riƙe Run da Suriname, Ingila ta riƙe garin da ta riga ta canza wa suna zuwa New York. Mutane na son bada wannan labarin a matsayin an yi musayar Manhattan da ɗan tsibiri, amma ba cinikin wuri biyu akai kai tsaye ba, kuma mutanen Run da suka sa hannu wa sarki James dan ya kare su ba wanda ya ko ambace su a zaman.

Babakeren ya daɗe, kusan shekara 150 ba mai noman gyaɗar ƙamshi na sayarwa sai Banda. A 1770 wani Bafaranshe Pierre Poivre ya sa aka sato masa iri aka kai Mauritius. Kamfanin VOC kansa bashi da cin hanci suka cinye shi aka rushe shi a ƙarshen 1799, gwamnatin Holan ta gaji yankunansa da basukansa. Ingila ta mamaye Banda a 1796 ta sake a 1810, ta kwashi dashe ta kai Penang da Sri Lanka da wasu wuraren, daga baya itacen ya isa Grenada a yankin Karibiyan wadda yau har a tutarta akwai hotonsa. Bauta kuwa sai 1860 aka soke ta a yankunan Holan na gabas. Banda ta koma lungun da ake jefa waɗanda gwamnatin mulkin mallaka bata son a ji muryarsu, daga 1936 zuwa 1942 a Neira aka tsare Mohammad Hatta da Sutan Sjahrir, wanda na farkon ya zama mataimakin shugaban ƙasa na farko a Indonesiya na biyun kuma firaminista na farko, ɗaya daga cikin tsibiran ma yanzu sunan Hatta yake amsawa.

Yawancin mazauna Banda na yau jikokin waɗanda aka kawo ne, bayi da 'yan ƙwadago da fatake da su perkenier ɗin, sun cakuɗe sun zama al'umma ɗaya. Asalin harshen Banda ba'a yinsa a Banda, sai ka je tsibirin Kei Besar, garuruwan Banda Eli da Banda Elat, inda jikokin waɗanda suka tsere a 1621 suke zaune har yau da harshensu da musuluncinsu.

A Holan kuma a 1893 aka kafa wa Coen mutum-mutumi a tsakiyar dandalin garinsu Hoorn a matsayin gwarzon ƙasa. A 2011 wata motar aiki ta buge shi ya sauka daga kan dakalinsa, mutane suka ce to a barshi a ƙasa mana, majalisar gari ta mayar dashi amma a 2012 ta sa sabon rubutu a jiki da ya ambaci abinda yai a Banda da dubban da suka mutu, a 2020 aka sake yin zanga-zanga akansa. Masu kare shi hujjarsu kullum ita ce mutumin zamaninsa ne kar a auna shi da ma'aunin yau, ni kuma wannan hujjar bata shige ni, tunda Reael da yace kar a bi wannan hanyar a zamanin yake, hafsan da ya tsaya a bakin shingen goran nan ya rubuta ƙyamarsa shima a zamanin yake, albashin kamfani ɗaya suke ci da Coen.